Jar fatar da ta rasa sunanta a hanyar Ingila

In ka taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka san yadda kukan awaki yake cika kunne tun kafin ka sauka daga mota. Idonka na kan nama da farashi. Fata kuwa sai bayan layya ake tuna ta, a ba almajiri ko a sayar a kuɗin kati. To, irin wannan fatar ta taɓa zama abin taƙama a gidajen manyan Ingila, sai dai ba da sunanmu ba.

Bari mu fara daga can. Shekaru 300 zuwa 400 da suka wuce, mai kuɗi a Landan ba ya sayen littafi kawai ya ajiye. Sau da yawa takardun yake saye, ya kai wa mai ɗinkin littafi ya yi musu bango daidai da aljihunsa. Mai ƙaramin ƙarfi a yi masa da fatar tunkiya, mai hali da ta maraƙi. Na ƙarshe a tsada shi ne na fatar akuya da aka rina ja, a buga mata ado da ruwan zinare. Samuel Mearne, mai yi wa Sarki Charles na Biyu wannan aiki daga 1660, da irin wannan jan bango ya yi suna.

Kada ka ɗauka karatu kaɗai ne. Nuna isa ne. Wani jami'in sojan ruwa, Samuel Pepys, ya sa an ƙera masa kabad masu gilashi a 1666, ya jera littattafansa bisa tsawonsu, har yakan sa wa gajeru ɗan katako a ƙasa don kada layi ya karkace. Guda 3,000 ne, suna nan a Cambridge har yau. In kin taɓa ganin yadda gwaggo take tsayawa a kan jeren amarya, kin gane mutumin.

Ina suke samun jar fatar? A ƙarni na 17 suna ce mata fatar Turkiyya, daga baya sunan da ya zauna shi ne fatar Maroko. Wato sunan tashar da aka yi lodi. Amma masana tarihi sun daɗe suna nuna cewa wani kaso na abin da ake kira fatar Maroko daga ƙasar Hausa ya fito, musamman fatar jar akuyar nan da yanzu ake danganta ta da Sakkwato da Maraɗi. Raƙuma suke tsallaka Sahara da ita, ta yi ta canza hannu har bakin teku. Wanda ya miƙa wa Bature, shi ya ci sunan.

Aikin kuma ba wasa ba ne. Majemi zai jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya wanke, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa ta kwana tana sha. Sai mai, sai bugu da ja har ta yi laushi. Jan launin daga karan dafi yake, wata irin dawa da ake shukawa don rini. Bagaruwar da kake wucewa a hanyar Gagarawa ko Sule Tankarkar, ita ce sirrin. A 1901, da wani kwamiti a Landan ya binciki dalilin da bangon sababbin littattafai yake ruɓewa ya zama gari, fatar da ake kawowa daga yankin Neja tana cikin waɗanda suka sha yabo wajen ƙarko. A lokacin ne sunan ya ɗan matso gida, masu sana'ar suka riƙa ce mata Neja. Kogin ya samu, majemi bai samu ba.

Gumel fa tana kan irin waɗannan hanyoyin fatauci. Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta turo, ya sauka a garin a watan Maris na 1851, yana hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da babbar kasuwar kanwa. A Kano kuwa ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu suke fita har Tarabulus. Tun kafin shi da shekara 300, Leo Africanus ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da kayansu ke kai wa Tumbutu.

Abin da ke ci mini rai shi ne labarin bai canza ba. Yau ma masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano suna gyara fatar awaki da tumaki, a yi kwantena da ita zuwa Italiya da Sifaniya. Can za a yanka, a ɗinka, a manna tambari. Kai kuma ka gan shi a Instagram, ka tura wa abokinka kana cewa wallahi Turawa sun iya aiki. Baduku na Ƙofar Wambai kuwa, in ya ce maka takalmi dubu goma, sai ka taya uku.