Yadda Ake Cin Wasan Civilization VI a Ƙungiyance

Civilization VI, wasan kwamfuta da kamfanin Firaxis ya fitar a 2016, wasa ne na gina daula da ake yi zagaye bayan zagaye. Idan 'yan wasa suka haɗa ƙungiya, nasarar ɗaya ta kowa ce, yaƙin ɗaya ma na kowa ne.

Shi ya sa ake raba aiki tun kafin a fara. Mai riƙe da Koriya ya duƙufa kan kimiyya. Mai Mali ta Mansa Musa ya tara zinariya, ya tallafa wa na bakin iyaka da kuɗin sojoji. Sannan a tsayar da hanyar nasara guda, ko kimiyya, ko addini, ko mamaye manyan biranen abokan gaba. Ƙungiyar da kowa ya ja nasa ba ta kai labari.