Kafin Ekklisiya Ta Sayi Wata Ƙwaƙwalwar Mota

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna da zamanin Peugeot 504, wadda kamfanin da aka buɗe a Kaduna a 1975 yake harhaɗawa. In ta tsaya a hanya, bakanike ya kwance kafireto ya wanke, ya goge fulogi, sai a ci gaba da tafiya. Motocin da ekklisiyoyi suke saye yanzu, irin su Hiace da Sienna da Camry, ba haka suke ba. Akwai wani ɗan akwati a cikinsu wanda makanikai suke kira birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota. Shi ne yake auna yawan man da zai shiga inji, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In ya mutu, mota ta zama kwanta.

Na taɓa zama a kwamitin da aka ɗora wa kula da bas ɗin zumuntar mata. Da ta ƙi tashi, rewaya ya ce ƙwaƙwalwa ce. Muka aiki wani ɗan'uwa kasuwa, ya kawo wadda ta yi kama da tsohuwar sak, soket ɗinta ma ya shiga daidai. Mota ta tashi, amma tana shan mai tana kakarewa. Ashe ta mota mai giyar otomatik ce, tamu kuwa giyar hannu gare ta. Mai shago ya ce kayan lantarki ba a mayarwa. Kuɗin nan baikon mata ne, waɗansunsu gwauraye.

Abin da ya kamata mu duba tun farko shi ne lambar da ke jikin takardar da aka manna a bayan akwatin. Sunan mota da shekararta ba su isa ba. A Toyota lambar takan fara da 89661, a Honda 37820, sannan sauran lambobi su biyo baya, kuma waɗannan na bayan ne suke bambanta wata da wata. Na kamfanin Bosch da ke cikin yawancin motocin Turai sukan fara da 0 261 in na fetur ne, 0 281 in na gas ne. A kwafe lambar duka, ko a tafi da tsohuwar kasuwa, ko Panteka ce a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dilimi a Jos. A haɗa da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, domin da ita ake gane irin injin da ƙasar da aka ƙera motar dominta. Camry ta Amurka da ta Turai suna iya zama iri ɗaya a ido, ƙwaƙwalwarsu kuwa daban.

Sai batun makulli. Tun 1998 aka wajabta sa na'urar hana sata a sababbin motoci a Jamus da Ingila, kuma motocin da ake shigo mana da su da yawa suna da ita. A irin waɗannan, ƙwaƙwalwa ta san makullinta. Ko lamba ta yi daidai, inji zai juya amma ba zai kama ba sai mai kwamfuta ya haɗa su, ko kuwa a sayi ƙwaƙwalwa da makulli da akwatin na'urar duk daga mota ɗaya. A sa ladan wannan aiki cikin lissafi tun kafin a je gaban dattawa neman kuɗi.

A ganina ma, sau da yawa ƙwaƙwalwa ba ta da laifi. Fis da ya ƙone, ko wayar da ta saki, kan sa mota ta yi shiru haka nan. Motocin Amurka daga 1996 suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, a sa a jona kafin a sayi kome. In kuwa ta tabbata ta mutu, a nemo abin da ya kashe ta: ruwa, ko juya kan batir, ko walda a jikin mota ba a cire batir ba. In ba a gyara wannan ba, sabuwar ma za ta bi ta.

A ƙarshe mun sami wata mai lamba daidai. Ma'aji bai ba da ko kwabo ba sai da mai shago ya yarda a rubuce cewa za a ɗaura ta a gwada kwana uku tukuna.