Ƙarar Mota A Hanyar Tambuwal

Duk wanda ya saba shiga mota daga Sakkwato, ya bi ta Bodinga da Shagari ya sauka Tambuwal, ko kuwa ya zarce Jega, ya san akwai motar da in an fita daga cikinta sai kunne ya yini yana amo, sai ka ce an rufe ƙudan zuma a tulu. Fatake masu kai hatsi da albasa, da malamai masu zuwa ziyara Kebbe ko Dogon Daji, da yawansu sun ɗauki wannan ƙara cikin wahalar tafiya, wadda ake haƙuri da ita kamar yadda ake haƙuri da ƙura. Amma fa ƙura wanka ke raba mutum da ita, ƙara kuwa takan bar tabo.

Masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni wai shi desibel. Hirar mutum biyu a zaure takan kai wajen 60. In ƙara ta kai 85, awa 8 ce iyakar abin da suka yarda kunne ya ɗauka a yini, in kuwa ta ƙaru da 3 kaɗai sai lokacin ya ragu rabi, watau 88 awa 4, 91 awa 2. Mai karatu ba ya bukatar na'ura kafin ya gane: muddin sai ya ɗaga murya sa'an nan na kusa da shi ya ji abin da ya ce, to, ƙarar ta kai wurin ɓarna. Can cikin kunne akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana ƙwarai masu karɓar sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Abin da ke fara ɓacewa kuwa shi ne siririn sauti, irin na sin da shin da fa. Malamin da ke sauraron haddar almajiri ya san abin da wannan hasara take nufi. Direba da karen motarsa su suka fi kowa shan ta, domin motar ce ɗakinsu.

A tsohuwar mota mafi yawan ƙarar daga ƙarƙashi take, wurin salansa. Hayaƙi ba ya fita daga inji a hankali, fashewa yake yi bi da bi. Tukunyar salansa tana da 'yan ɗakuna da bututu masu huji-huji, inda hayaƙin ke kewayawa har ƙarfinsa ya karye. Dabara ce tsohuwa, tun 1897 aka yi mata rajista a Amurka. Tsatsa da ramukan hanya su ke huda ta. Sa'an nan robobin da ke rataye da ita sukan tsinke, a ɗaure da waya, sai girgizar inji ta bi wayar ta shiga jikin mota duka. Har wa yau akwai wani abu mai kama da saƙar zuma a cikin bututun motocin zamani, wanda makanikai ke kira indomi. Aikinsa rage gubar hayaƙi, amma da yake akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, akan cire shi a sayar, wani lokaci mai motar ma bai sani ba. Motar da aka yi wa haka ƙararta takan ƙaru, gubarta ma haka.

A nan ne waɗansu masu mota ke yin kuskure mai haɗari. Ƙara ta dame su, sai su shimfiɗa darduma da soso su danne ta, su bar salansa a huje. Cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. In salansa ta huje a ƙarƙashin kujeru, iskar takan biyo ta hujin daɓen mota. Alamarta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi, fasinja ya ce yunwa ce, direba ya ce rana ce. Da hunturu abin ya fi muni, saboda an rufe gilasai don sanyi da hazo. Ashe ƙarar nan da aka danne ita ce mai shela. Saboda haka salansa ake fara dubawa: da safe, inji da sanyi, a fili ba cikin rumfa ba, a nemi baƙin kunkunniya a mahaɗan bututu, a saurari inda ke huci. Abin da ya huje a kai wa mai walda ko a sake shi, robobin rataya a sa sababbi, hujin daɓe a toshe.

Bayan wannan sai maganar shimfiɗa. Ƙyauren mota da daɓenta da rufinta faranti ne na ƙarfe, suna amsa amo kamar ganga. Akwai wata baƙar roba mai danƙo, bayanta da takardar alminiyam, wadda ake mannawa a cikin farantin. Ba sai an rufe shi duka ba. In an manna kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, aka ƙwanƙwasa, za a ji amon ya mutu. A guji irin wadda aka yi da kwalta, domin da bazara zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, ta narke ta cika mota da wari. Soson katifa shi ma ba ya biya: yana shan ruwa da damina ya jawo tsatsa, ga saurin kama wuta. Tabarmar roba mai kauri ta fi shi, domin nauyi ke tare ƙara, abin da kowane falke ya sani, tun da motar da aka cika da buhunan gero ta fi wadda ba kaya shiru. Hujin da ke ƙasan ƙyaure kuwa na fitar ruwa ne, kada a toshe shi.

Sauran ƙarar ba ta cin kuɗi sosai. Robar bakin ƙyaure da rana ta busar a sake ta, notin kujera a ɗaure, jak da sifana a naɗe su a tsumma.