Marubuciyar Cikin Gida: Yadda Ake Samun Masu Karatu Na Amana

 

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau, wasiƙa ce da wata 'yar'uwa ta aiko mini daga ƙasar Roni. Ta ce tun tana amarya take rubuta labari a littafin makaranta, idan ta gama aikin gida yara sun yi barci. Da labarin ya kammala, sai ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin tunkiyar da ta sayar, ta ba ƙaninta ya kai Kano aka buga mata shi. Yau shekara guda ke nan kwalayen suna ƙarƙashin gado, abin da aka sayar bai taka kara ya karya ba, har gara ta fara taɓa na ƙasa. Ta ce, "Anti, labarin ne babu daɗi, ko kuwa mutane ne suka daina karatu?"

Na karanta wanda ta aiko mini, kuma labarin yana da daɗi. Kuskurenta ɗaya ne, ta buga littafi kafin ta sami masu karanta shi. Ke da kike suyar ƙosai kin san wannan. Ranar farko ba ki jiƙa wake tiya biyar. Gwangwani biyu kike jiƙawa, ki aika wa maƙwabta su ɗanɗana, sai kin ga yara sun fara sallama da kwanoni kafin ki ƙara. To shi ma rubutu haka yake, kuma akwai matan da suka riga mu bin wannan hanya, ya kamata mu duba yadda suka yi.

A shekarar 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Hajiya Hafsat Abdulwaheed mai suna So Aljannar Duniya, bayan wata gasa da ya shirya. Ita ake lissafawa a matsayin mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. A wannan lokaci masu iya karatun boko suna ta ƙaruwa, saboda shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da kuma hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980. Ku tuna, a lokacin mu ma nan jihar Kano muke, sai a 1991 aka yanke Jigawa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A nan ne Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, daga baya kuma Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda aka fi sani da Anti Bilki, ta fito da Allura Cikin Ruwa a 1994. Ba wani babban kamfani da ya tsaya musu, amma littattafansu sun shiga ɗakunan da ko jarida ba ta taɓa shiga ba. Me ya kawo haka?

Abu na farko, sun san wadda suke wa rubutu. Ita Hajiya Balaraba tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, don haka da ta ɗauki alƙalami, abin da ta sani ta rubuta. Wa Zai Auri Jahila? labarin yarinya ne da aka raba da karatu aka yi mata auren dole. Alhaki Kwikwiyo Ne kuma, wanda ya fito a 1990, labarin uwargida ne da miji ya kora ita da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Matar da ta karanta wannan, ko dai ta ga kanta, ko ta ga yayarta, ko maƙwabciyarta. Kuma ki lura, wannan labari na cikin lungun Kano shi ne aka fassara zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Wato bai rasa komai ba don ya tsaya a kan rayuwar gida.

Lokacin da nake karatun aikin jarida, abin da aka fara koya mana shi ne, idan ka zauna gaban makirfo, kada ka yi magana da duniya, ka yi da mutum ɗaya. To ke ma kafin ki rubuta layin farko, zaɓi mace ɗaya ki ajiye ta a zuciyarki. Wace ce? Amarya ce da ke zaune da uwar miji? Ko matar Gwiwa ce da maigidanta ke tafiya cirani da zarar an gama girbi, ya bar ta da yara da ɗan abin da ke rumbu? Ko 'yar Babura ce da rabin danginta ke tsallaken iyaka wajen Magarya? Yawancin labaran da 'yan'uwa ke aiko mini, sai ki ga jarumin yana da jirgin sama, jarumar tana sayayya a Dubai, alhali marubuciyar ba ta taɓa wuce Kano ba. Mai karatu tana ganewa. Amma ki ba ta labarin rabon kwana da rabon cefane kamar yadda kika gani da idonki, ba za ta ajiye ba sai ta kai ƙarshe.

Abu na biyu, ki san hanyar da littafi ke bi ya shiga gida. Matar kulle ba ta zuwa Sabon Gari ko Kurmi ta zaɓi littafi a kan tebur. Littafi yana zuwa mata ne a cikin jakar ƙawarta ranar suna, ko a hannun dillaliya tare da atamfa da turaren wuta, ko a ɗakin mai kitso. Ina yarinya a Kazaure akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ke ba da hayar littattafai daga ɗakinta. Tana da akwatin ƙarfe cike da su, da wani ɗan littafi da take rubuta sunan wadda ta ɗauka. Yayyenmu sukan aike mu, kuma ban taɓa jin sun faɗi sunan littafi kaɗai ba. Cewa suke yi, "Ki ce ta ba ni wanda Maman wance ta ce ya sa ta kuka." Kin ji tallan gaskiya ke nan, shaidar wadda aka yarda da ita.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta bi ƙauyuka da ƙafarta ba. Ta zaɓi dattijan mata amintattu da ake kira jaji, ta koya musu waƙoƙinta na ilimi, su kuma suka kai wa mata har cikin gidajensu. Shi ne tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Ta fahimci cewa mace ta fi karɓar magana daga bakin macen da ta sani.

Saboda haka ga abin da za ki yi, da sanin maigida da yardarsa. Ki rubuta labarinki da kyakkyawan rubutu, a yi miki hotonsa kwafi goma. Ki ba mata goma waɗanda za su gaya miki gaskiya, ba waɗanda za su ce "Masha Allahu" don kunyarki ba. Ki sa da mai kitso a ciki, da wata daga ajinku na Islamiyya, da wata tsohuwa da za a karanta mata ta ji. Idan sun dawo da shi, kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce, "A wane wuri kika ajiye kika tashi? Wa ya fi ba ki haushi a ciki? Akwai wadda kika ba ta karanta?" Wannan ta ƙarshen ita ce ma'auni. In kwafin ya dawo fes kamar yadda ya tafi, da sauran aiki. In ya dawo da tabon manja, gefensa ya nannaɗe, wata da ba ki sani ba ta aiko tana neman ci gaba, to kin fara samun mutanenki. Kada ki ji haushin aro. Wadda ta ara yau ta ji daɗi, ita ce mai saye gobe.

Abu na uku shi ne cika alkawari. Littattafan Kano an saba fitar da su kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya daidai inda rai ya rataya. Dabara ce mai kyau, domin kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu. Amma duk wadda ta yi karatun wancan zamani ta san takaicin littafin da aka saya na ɗaya, aka shekara ana jiran na biyu bai fito ba. Ta kuma san na wanda aka ja shi kamar ƙiri don dai a ƙara kashi. Irin wannan marubuciya sau ɗaya ake saya mata. Ke kada ki saki kashi na ɗaya sai kin rubuta labarin har ƙarshensa. In kin ce bayan Sallah, to ya zama bayan Sallah. Kyan alkawari cikawa, kuma mai furar da ake samu kullum da azahar ta fi wadda furarta ta fi daɗi amma sai ran da ta ga dama.

Abu na huɗu, sauraro. Marubutan Kano sukan sa adireshinsu a cikin littafi, daga baya suka koma sa lambar waya, masu karatu suna aiko da yabo da gyara, wasu ma da matsalolin aurensu. Wanda aka amsa masa wasiƙa ba ya mantawa. Yanzu da wayar hannu ta shiga kusan kowane gida, abin ya fi sauƙi. Wadda ta yi miki gyara ki gode mata, in gyaran gaskiya ne ki ɗauka. Amma sauraro daban, biye wa kowa daban. Za a sami masu ce miki ki ƙara "gishiri", wato batsa, wai ita ke sa littafi ya tafi. 'Yar'uwa, ki tuna inda littafinki zai kwana. A kan gado za a bar shi, 'yar gida ta ɗauka, maigida ya leƙa. A 2007 an ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya, kuma zargin ya shafa wa marubuta da yawa waɗanda ba su ji ba su gani ba. Ranar da uwa ta fara ɓoye littafinki kada 'yarta ta gani, kin rasa gidan nan gaba ɗaya.

Sai kuma haɗin kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba suke ciki, sukan jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin littattafansu. Wanda ya sayi ɗaya ya san da sauran. Idan akwai wata mai rubutu a garinku, ba kishiyarki ba ce. Ku karanta na juna, ku ambaci juna. Haka kuma gidajen rediyo suna da filayen karanta littattafai, a kai musu kwafi. Ga kuma gasar Hikayata ta gajerun labarai da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani. Duk waɗannan ƙofofi ne da mace ke iya ƙwanƙwasawa tana cikin ɗakinta.

To ke 'yar'uwata ta Roni, kuɗinki bai faɗa rijiya ba tukuna. Fito da kwalayen nan ki ɗora a kan wani abu mai tudu, nesa da ƙasa da danshi. Ki ware ashirin ki raba kyauta ga matan da ake taruwa a ɗakunansu, a garinku da Kazaure da duk inda kike da dangi. Sauran ki ba dillaliya biyar-biyar, ki yanka mata ladanta, ki rubuta a takarda, kada ki ƙara mata sai ta kawo kuɗin na baya. Kada kuma a ɗora wa yarinya talla a hana ta makaranta saboda littafi, abin zai zama ana gini ana rushewa. Sa'an nan duk wadda ta aiko da magana a kan labarin, ki rubuta sunanta ki ajiye. Ranar da sunayen nan suka cika shafi biyu ko uku, kin san adadin da za ki buga a littafi na gaba, kin kuma san ƙofofin da zai shiga tun kafin ya bar Kano.

A nan zan dasa aya. Wadda ta gwada kwafi goman nan, ina jiran wasiƙarta in ji yadda suka dawo. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.