Gubar dalma a Zamfara da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yaƙi cuta

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan yammacin Zamfara. Bincike ya gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu.

An fi magana kan illar dalma ga ƙwaƙwalwa. Amma mafi yawanta a ƙashi take taruwa, ta yi shekaru. A cikin ƙashin ne kuma ɓargo yake, inda ake samar da jini da dakarun garkuwar jiki.

Dakaru biliyan 100 a kullum

Mafi yawan fararen ƙwayoyin jinin babban mutum wani nau'i ne da ake kira nutrofil. Su ne ke fara isa duk inda ƙwayar cuta ta kutsa, su haɗiye ta. Mugunyar da ke fita daga ƙurji galibinta gawarwakinsu ne.

Ba su daɗewa a cikin jini, don haka ɓargon babban mutum ke samar da kusan biliyan 100 a kowace rana. Mai ba shi umarni wani furotin ne mai suna G-CSF.

Idan cuta ta shiga, ƙwayoyin da ke gadi a wurin da na bangon hanyoyin jini sukan saki G-CSF. Jini ya ɗauke shi zuwa ɓargo, ya manne a jikin ƙananan ƙwayoyin da ba su nuna ba. Sai su hayayyafa, su nuna da wuri, su fito fagen fama.

Umarnin yana da burki. Nutrofil da kansu ne ke shanye G-CSF, saboda haka da zarar sun yi yawa sai sinadarin ya ragu, ɓargo ya sassauta.

Daga ɗakin bincike zuwa allura

A tsakiyar shekarun 1960 Donald Metcalf da Ray Bradley suka yi nasarar renon ƙwayoyin ɓargo a ɗakin bincike a birnin Melbon na Ostareliya. A 1983 aka tace G-CSF daga ɓeraye a cibiyar da Metcalf ke aiki. A 1991 Amurka ta amince da allurarsa mai suna filgrastim.

Masu ciwon daji ne suka fi amfana. Magungunan kashe daji na durƙusar da ɓargo, har ƙaramar cuta ta iya halaka majinyaci. Allurar na taƙaita kwanakin da zai yi babu kariya.

Sai dai tana da sharuɗɗa. Ana ajiye ta ne a firji, tana yawan sa ciwon ƙashi, kuma tana iya tayar wa mai sikila da ciwo mai tsanani har ya kai ga rasa rai. Ba allurar da za a saya a kemis a yi wa kai ba ce.

Abin da ya shafi Anka da Bukkuyum da Gummi

Dalma ta fi cutar da jajayen ƙwayoyin jini, domin tana hana haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska, sai yaro ya yi fama da ƙarancin jini. Maganin DMSA da aka yi amfani da shi wajen fitar da ita daga jikin yaran Zamfara kuwa, cikin illolinsa da aka sani akwai rage yawan nutrofil ga wasu. Shi ya sa ake son a riƙa duba jinin mai shan sa.

A nan akwai abin lura. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma sun gaji wani nau'in jini da ke sa adadin nutrofil ɗinsu ya yi ƙasa da na Turawa, alhali suna ƙalau. Ba kowane ƙarancin da gwaji ya nuna ba ne cuta, likita ne zai bambance.

Sannan ga tamowa, wadda ta addabi yankin tun da rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu. G-CSF umarni ne kawai. Ɓargo na buƙatar furotin da sinadaran da ke cikin wake da gyaɗa da ƙwai da ganye kafin ya cika shi. Yaron da yunwa ta ci, ko jikinsa ya yi kiran, dakarun da za su amsa ba su da ƙarfi.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013, MSF kuma ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jihar a 2022. Amma haƙar zinare ba ta tsaya ba. Abin da zai kare ɓargon yaran yankin ba ya cikin kwalbar allura: a nisanta niƙan dutse daga gida, a wanke hannu kafin cin abinci, a ciyar da yaro, kuma a garzaya da shi asibiti da zarar zazzaɓi ya kama shi.