Biranen Sama Masu Juyawa: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Duk wanda ya kalli Elysium na 2013 ko Interstellar na 2014 ya ga abin da idonsa: wani ƙaton wili ko wata shirgegiyar ganga na juyawa a sararin samaniya, mutane a ciki suna takawa da ƙafafunsu, suna zuba ruwa a kofi, yara har da wasan ƙwallo. Fim na ƙarewa gardama ke tashi. Wasu su ce ai duk tatsuniya ce, tun da babu jan ƙasa a sama babu dabarar da za ta sa mutum ya tsaya da ƙafarsa. Wasu kuma su rantse cewa NASA ta daɗe da gina irin wannan wuri. Kowane ɓangare ya kauce, amma masu cewa tatsuniya ce sun fi yin nisa da hanya. A cikin duk abubuwan da finafinan ƙagaggun labaran kimiyya ke nunawa, samar da nauyi ta hanyar juyi na daga cikin 'yan kaɗan da ba sa buƙatar wani sabon ilimi. Inda masu fim ke yi mana wayo shi ne wajen girman abin da saurin juyinsa.

Ita kanta maganar "babu jan ƙasa a sama" ba haka take ba. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tana tafiya ne kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, kuma a wannan nisan jan duniya ya ragu ne da kusan kashi 11 cikin 100 kacal. Abin da ya sa 'yan sama jannati ke yawo kamar auduga shi ne su da tashar duka faɗowa suke yi tare, sai dai gudun da suke yi a kaikaice, kusan kilomita 28,000 a sa'a, ya sa kullum suke kuskure ƙasa, suna kewaye ta duk minti 90. Daɓen da ke faɗowa tare da kai ba zai tokare maka ƙafa ba, kuma wannan tokarewar ita ce abin da jiki ke ji a matsayin nauyi. Rashinta ba wasa ba ne. Ƙasusuwan ƙugu da na cinya kan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙwarinsu duk wata, tsoka ta saki, jini ya taru a kai. Shi ya sa mazauna tashar ke kwashe kusan sa'a biyu kullum suna motsa jiki ɗaure da madauri.

To ta yaya juyi ke maido da tokarewar? Ka duba majaujawa. Dutsen da ke cikinta so yake ya wuce a miƙe, fatar da ke riƙe da shi kuma tana tanƙwaro shi ciki a kowane zagaye. Da dutsen na da baki, da ya ce wani abu na danna shi a jikin fatar. Haka mutumin da ke cikin wili mai juyawa: daɓen ne ke turo ƙafarsa zuwa tsakiya don ya bi da'ira, shi kuma ya ji kamar ana jan sa waje. Saboda haka "ƙasa" a irin wannan birni ita ce gefen waje, kowa kansa na kallon tsakiya, wanda ke ɗaya ɓarin kuwa a kife yake bisa kanka. Finafinai sun yi gaskiya a nan, duk da dai abin kan ba mai kallo dariya.

Akwai masu ɗan ilimin kimiyya da kan ce ai wannan ƙarfin na bogi ne, malaminmu ya ce babu shi. Abin da malamin ke nufi shi ne babu wani abu a waje da ke jan mutum. Amma turin daɓen na gaske ne. Ka hau sikeli a can zai nuna kilo ɗinka, kuma ƙashin bayanka bai san bambanci ba. An ma gwada. A 2016 hukumar sararin samaniya ta Jafan ta ajiye ɓeraye kusan kwana 35 a ɗakin bincikenta na Kibo da ke tashar, wasu suna yawo sakaka, wasu a cikin wata ƙaramar na'ura mai juyawa da ke ba su nauyi irin na duniya. Na cikin na'urar sun dawo da ƙashinsu da tsokarsu kusan yadda suka tafi, sauran sun rame.

Tunanin ma ya girmi roka. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya kawo shi tun kafin kowa ya harba komai sama, Herman Potočnik ya zana tasha mai siffar wili a littafinsa na 1929, sannan Wernher von Braun ya tallata wili mai faɗin mita 76 a mujallar Collier's a 1952, wanda zai ba da kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin duniya. Daga can masu fim suka kwafo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Nauyin da juyi ke bayarwa ya dogara ne kan abu biyu: nisan daɓe daga tsakiya, da yawan juyi a minti. Idan ana son nauyi daidai da na duniya da juyi ɗaya a minti, sai nisan ya kai mita 894. Da juyi biyu, mita 224. Da huɗu, mita 56. Da goma, mita 9 kacal. Mai lissafin kuɗi zai ce to a gina ƙaramin mana, a ƙara masa gudu. Jikin ɗan Adam ne ke ƙin yarda.

Ɗauki shahararren ɗakin nan mai juyawa na fim ɗin 2001: A Space Odyssey, wanda Stanley Kubrick ya fitar a 1968, inda ɗan sama jannati ke sassarfa yana kewaya bango. An gina shi da gaske a wurin ɗaukar fim a Ingila, faɗinsa bai kai mita 12 ba. A ɗaki irin wannan, mutum mai tsawon mita 1.8 kansa ya fi ƙafarsa kusa da tsakiya sosai, har nauyin da ke kan ya gaza na ƙafa da kusan kashi 30 cikin 100. Ya sunkuya ya ɗauki abu, abin ya yi ta sauƙi yana ɗagowa. Sassarfar kuwa ita ce babbar matsala. Idan an saita ɗakin ya ba da nauyi irin na wata, daɓen na tafiya ne mita 3 a daƙiƙa, wato daidai gudun mai sassarfa. Ya bi inda ɗakin ke juyawa, nauyinsa ya ninka huɗu. Ya juya ya bi akasin haka, ya soke juyin da ƙafarsa, sai kawai ya ga ya bar daɓe yana lilo. Kubrick mutum ne mai tsantseni, amma wannan bai nuna ba.

Sai kuma karkacewar da ake kira da sunan Coriolis, masanin lissafi na Faransa da ya bayyana ta a 1835. A cikin ɗaki mai juyawa, duk abin da ya motsa zuwa tsakiya ko zuwa waje sai ya goce gefe. Ka saki makulli daga tsawon mita ɗaya a ɗakin Kubrick, zai faɗi kusan rabin mita baya da inda ka zata. A wili mai nisan mita 224 gocewar santimita 6 ce. A gangar da Gerard O'Neill na jami'ar Princeton ya tsara a shekarun 1970, mai faɗin kilomita 8 da tsawon kilomita 32, wadda ke juyawa sau 28 a sa'a, ba ta kai santimita 2 ba. Ruwan famfo zai zubo a ɗan karkace, mai hawa tsani ya ji ana matsa shi gefe guda, mai saukowa ya ji ana matsa shi ɗaya gefen. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a cikin kunne, inda ruwan da ke gaya wa ƙwaƙwalwa matsayin kai yake. Ka waiga da sauri a ɗaki mai saurin juyi, kunne ya ce ka wuntsila, ido ya ce kana tsaye. Daga nan sai jiri da tashin zuciya.

Wannan ne ya haifar da maganar da ake yawan maimaitawa cewa ɗan Adam ba zai iya jure fiye da juyi biyu a minti ba. Rabinta gaskiya ce. Tushenta gwaje-gwajen da Ashton Graybiel ya jagoranta a shekarun 1960 a wani ɗaki mai juyawa na sojan ruwan Amurka a Pensacola, inda aka ga kusan kowa na zaune lafiya a juyi ɗaya ko biyu, ana ƙarawa kuma amai na ƙaruwa. Amma a can ɗin ma an ajiye mutane kwana 12 a juyi goma, kuma binciken da ya biyo baya a jami'ar Brandeis ya nuna jiki na sabawa idan an bi shi sannu a hankali. Juyi biyu ma'auni ne na jin daɗin baƙo, ba katanga ba. Masu tsara birnin da ake kira Stanford torus a 1975, wili mai faɗin kilomita 1.8 don mutum 10,000, sun zaɓi juyi ɗaya ne saboda birni ba barikin zaɓaɓɓu ba ne. Akwai tsofaffi, akwai masu ciki, akwai wanda ko motar haya ya shiga sai ya nemi leda.

Wasu tsegumin ba sa buƙatar dogon bayani. Wai idan ka yi tsalle za ka tsaya a iska daɓe ya wuce ya bar ka? A'a. Gudun daɓen na jikinka lokacin da ka tashi, za ka tafi a miƙe, daɓen ya lanƙwaso ya tare ka, ka sauka ɗan gaba kaɗan da inda ka bari. Wai sai injin ya yi ta aiki dare da rana kafin juyin ya ɗore? Shi ma a'a. Babu iskar da za ta rage masa gudu, in an tayar da shi ya tayu, sai ɗan gyara jefi-jefi.

Wannan na biyun shi ya tona asirin wani salo da masu fim ke ƙauna. A Passengers na 2016 jirgi ya samu matsala, nan take nauyi ya ɓace, ruwan tafkin wanka ya tashi ya zama dunƙule da mace a tsakiyarsa. Kyan gani kam akwai. Amma ɗaukewar wuta ba ta tsayar da juyi. In kuwa wani abu ya tsayar da shi farat ɗaya, babu wanda zai yi lilo a hankali. A wili mai nisan mita 224 daɓen na gudun kusan kilomita 170 a sa'a, kuma da wannan gudun mutane da gadaje da ruwan duka za su wuce su daki bango.

Masu cewa an riga an gina fa? Har yau babu wata tasha mai juyawa da ɗan Adam ya zauna a ciki. Abin da aka taɓa yi shi ne na Satumban 1966, lokacin da Pete Conrad da Richard Gordon suka ɗaure kumbonsu Gemini 11 da wata roka mai suna Agena da igiya mai tsawon mita 30, suka juya su a hankali. Nauyin da suka samu bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyar na na duniya ba, su kansu ba su ji shi ba. Amma a ganina wannan igiyar ta fi duk wilin finafinai nuna hanya, domin ita ce hanya mafi arha ta samun nisa mai yawa ba tare da gina da'ira cikakkiya ba. An kuma shirya wa tashar ƙasa da ƙasa wani babban ɗaki mai na'urar juyi don dabbobi da tsirrai, aka soke shi a 2005 saboda kuɗi. Illar sokewar ita ce har yanzu ilimin likitoci ya tsaya ne kan nauyin duniya da rashin nauyi gaba ɗaya. A tsakaninsu, game da ɗan Adam, kusan babu komai sai 'yan kwanakin da mutum 12 suka yi a kan wata, mafi daɗewarsu kwana uku. Duk labarin da ya ce kashi ɗaya bisa uku ya ishi yaro ya girma lafiya, hasashe ne yake sayarwa.

Daga nan sai manyan ƙarairayi masu daɗin ji. A littattafai da shirin The Expanse an ce an ƙara wa Ceres gudun juyi, mutane suka haƙa ramuka a cikinta suna zaune da kashi 30 cikin 100 na nauyin duniya. Marubutan sun gane abu ɗaya daidai, wato mazaunan ƙafafunsu na kallon waje ne. Sai dai Ceres dunƙule ce mai faɗin kusan kilomita 940, abin da ke riƙe da ita jan kanta ne, wanda bai wuce kashi 3 cikin 100 na na duniya ba. A juya ta har ta ba da ninki goma na wannan, tarwatsewa za ta yi. Gangar O'Neill kuwa ƙarfe na iya ɗauka, ko da yake doguwar ganga na da halin son wuntsilawa, kamar yadda ya faru da tauraron ɗan Adam na farko na Amurka, Explorer 1, a 1958.

Larry Niven ya fi kowa zarcewa. A littafinsa Ringworld na 1970 ya ƙaga zobe da ya kewaye rana gaba ɗaya, yana gudun kusan kilomita 1,200 a daƙiƙa. A wani taron masoya irin waɗannan littattafai a 1971, ɗaliban jami'ar MIT suka yi ta shela cewa zoben ba zai zauna daram ba: ya ɗan goce daga tsakiya kaɗan, jan ranar zai ƙara gotar da shi har ya taɓa ta. Sun yi gaskiya, Niven kuma bai yi musu ba. A ci gaban labarin da ya fito a 1980 ya kakkafa wa zoben injinan gyara zama a gefensa. Batun abin da za a gina shi da shi kuwa, tun da babu ƙarfe ko wani abu sananne da zai jure wannan ja, ya riga ya ƙirƙiro nasa tun a littafin farko.