Dodo a Cikin Aji: Adon Harshe da Taurari a Wasan Buffy the Vampire Slayer

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin adabi ya san cewa idan aka ce "Tanko kura ne", babu mai zagayawa bayansa ya nemi wutsiya. Siffantawa ce kawai, ana nufin Tanko macuci ne ko mai haɗama. To, me zai faru idan marubuci ya ɗauki maganar da gaske, ya sa Tanko ya kwanta yana mutum, ya tashi yana kukan kura yana yagar ɗanyen nama? A kan wannan dabara aka gina wani shahararren wasan kwaikwayon talabijin na ƙasar Amurka mai suna Buffy the Vampire Slayer. Ita ce wannan 'yar maƙala za ta duba, tare da taurarin wasan da dangantakar da ke tsakaninsu.

Joss Whedon ne ya ƙirƙiro wasan. An fara nuna shi ranar 10 ga Maris, 1997 a tashar WB, ya koma tashar UPN a 2001, aka kammala shi ranar 20 ga Mayu, 2003, bayan zango 7 masu ɗauke da kashi 144. Whedon ya sha faɗa cewa abin da ya ishe shi a finafinan ban tsoro shi ne yadda kullum ake nuna wata 'yar budurwa ta shiga lungu cikin duhu dodo ya hallaka ta. Sai ya juya lamarin, ya zama dodon ne zai yi da-na-sanin bin ta.

Babbar tauraruwa ita ce Buffy Summers, 'yar shekara 16, wadda Sarah Michelle Gellar ta fito a matsayinta. Ta komo garin Sunnydale, wani ƙagaggen gari a jihar Kalifoniya, tare da mahaifiyarta Joyce bayan auren iyayenta ya mutu. A duniyar wasan, kowane zamani yarinya ɗaya tak ake ba ƙarfin yaƙar dodanni, in ta mutu ƙarfin ya koma kan wata. Buffy ce ta wannan zamani, ita kuwa burinta a ƙyale ta ta yi karatu da ƙawaye kamar kowa. Sai ga shi sabuwar makarantar tata a kan wata ƙofar jahannama aka gina ta, ƙofar ma a ƙarƙashin laburare take. Ka ga ke nan ɗalibin da ya ce "makarantar nan azaba ce" bai yi ƙari ba.

Kafin a ci gaba, akwai 'yar matsalar fassara. Wasu za su yi saurin fassara kalmar vampire da "maye", amma akwai tazara. Maye rayayyen mutum ne, kurwa yake kamawa, kuma akan tilasta masa ya sake ta. Shi kuwa wannan gawa ce da wani mugun aljani ya shige, jini ne abincinsa, hasken rana na ƙona shi, ba ya shiga gida sai an yi masa izini, in kuma aka soke zuciyarsa da tsinin itace sai ya zama ƙura. "Fatalwa" ma ba ta dace ba, tun da shi yana da jiki. Don haka a nan za a kira shi mashayin jini.

Yadda magana ke zama dodo

Zango na farko cike yake da misalai. A wani kashi an kai ɗalibai gidan namun daji, sai iskokin kuraye suka shige wasu 'yan aji huɗu da suka saba cin zalin na ƙasa da su, tare da Xander, abokin Buffy. Suka dinga yawo a garke, suna dariya irin ta kura, suna neman mai rauni. Sun fara da cinye aladen da makarantar ke kiwo, daga baya huɗun nan suka cinye shugaban makarantar ɗungurungum. Abin lura shi ne, da Buffy ta kai ƙarar canjin halin Xander wurin malaminta, sai ya ce ai wannan halin yaro ne ɗan shekara 16. Dabbantarwa ke nan da aka fitar daga takarda aka ba ta haƙora.

A wani kashin kuma akwai Marcie, yarinyar da ko ta ɗaga hannu a aji malama ba ta kiran ta, ko ta yi magana cikin 'yan mata ba mai tanka mata. Muna cewa "an mayar da ita kamar ba ta nan". To, ita sai jikinta ya ɓace da gaske, ta koma ramuwa a ɓoye. Akwai kuma uwar da ta yi tsafi ta musanya jiki da 'yarta Amy domin ta sake ɗanɗana tashen da ta yi tana budurwa. Iyayen da ke son cika burinsu ta kan 'ya'yansu ba sai an yi wa mai karatu dogon bayani a kansu ba.

Buffy da Angel

Inda dabarar ta fi yin zurfi shi ne soyayyar Buffy da Angel, wanda David Boreanaz ya fito a matsayinsa. Angel mashayin jini ne tun 1753, ya yi fiye da ƙarni guda yana ɓarna a Turai, har a 1898 ya kashe wata yarinya, danginta suka tsine masa ta hanyar mayar masa da kurwarsa. A nan ma sai a yi hattara da kalma. Abin da aka mayar masa ba "rai" ba ne, domin yana yawonsa ba tare da shi ba. Na zaɓi "kurwa" don ita ta fi kusa, amma aikin da take yi a wasan shi ne na lamiri, wato abin da ke sa mutum ya ji zafin laifinsa. Hukuncin ke nan: ya tuna duk wanda ya kashe, ya kuma ji ciwon abin.

Tsinuwar na da sharaɗin da shi kansa bai sani ba, cewa duk ranar da ya sami cikakken farin ciki, ko na ƙiftawar ido ne, kurwar za ta tafi. A zango na biyu, a daren da Buffy ta cika shekara 17, ta ba shi kanta. Kafin gari ya waye Angel ya koma mugunsa na da. Ya yi mata ba'a a kan daren, ya dinga bibiyar ta, yana shiga ɗakinta tana barci yana ajiye mata zanen fuskarta, daga baya ya kashe Jenny Calendar, malamar kwamfuta. Cire jini da tsafi a gefe, me ya rage? Labarin yarinyar da saurayi ya juya wa baya bayan ya sami abin da yake so, har take cewa "kamar ba shi ba". Joyce, wadda a lokacin ba ta san sirrin 'yarta ba, haka ta fahimci zancen, kuma ba ta yi kuskure ba.

Ƙarshen zangon ya fi ciwo. Angel ya buɗe wata ƙofa da za ta haɗiye duniya, wadda jininsa kaɗai ke iya rufewa. Daidai lokacin da Buffy ta yi galaba a kansa, sai tsafin da ƙawarta Willow ke yi daga gadon asibiti ya ci, kurwarsa ta dawo, ya dube ta bai ma san abin da ya aikata ba. Ta ce ya rufe ido, ta soke shi da takobi.

Sauran na kusa da ita

Rupert Giles, mutumin Ingila mai kula da laburaren makarantar, shi ne wakilin wata tsohuwar majalisa da ke horar da irin su Buffy. Aikinsa ya ba da umarni, amma da yake mahaifin Buffy ya yi nisa da ita, sannu a hankali sai ya maye gurbin uba. Da ta kusa cika shekara 18, majalisar ta sa shi ya yi mata allurar da za ta kashe mata ƙarfi a asirce, don a jarraba ta. Ya yi, daga baya ya kasa daurewa ya tona. Dalilin da aka bayar na korar sa daga aiki shi ne yana yi mata so irin na uba.

Willow Rosenberg da Xander Harris kuwa su ne suka bambanta Buffy da waɗanda suka gabace ta, domin al'adar aikin ita ce a yi shi cikin kaɗaici a mutu da ƙuruciya. A ƙarshen zango na farko Buffy ta nutse a ruwa numfashinta ya tsaya. Angel na wurin da duk ƙarfinsa, amma gawa ba ta da numfashin da za ta ba wani. Xander, wanda ba shi da wata baiwa, shi ya hura mata iska ta farfaɗo.

A ganina dabarar ta fi armashi a zango uku na farko. Bayan taurarin sun gama sakandare akwai wuraren da ta zama wa'azi tsirara, kamar kashin da 'yan jami'a suka sha giya suka koma mutanen kogo, ko zango na shida inda aka mayar da tsafin Willow tamkar shan ƙwaya. Siffantawa in ta fito fili da yawa, daɗinta raguwa yake yi.

Harshen taurarin kansa abin nazari ne. Sukan ɗauki ɗafa-ƙeya su liƙa inda ba a saba ba, alal misali daga slay su ƙera slayage, kusan yadda Bahaushe ya samar da "ƙauyanci" daga "ƙauye". Sukan kuma mayar da sunan mutum aikatau. A 2003 masanin harshe Michael Adams ya fitar da littafi sukutum a kan wannan, mai suna Slayer Slang, a maɗaba'ar Jami'ar Oxford. Duk da haka, ɗaya daga cikin kashin da aka fi yabawa shi ne "Hush" na 1999, inda dodanni suka sace muryar kowa a garin, aka yi fiye da rabin kashin ba mai magana, sai ga shi a lokacin ne Buffy da sabon saurayinta Riley suka fahimci juna.

Sau ɗaya marubutan suka ajiye adon gaba ɗaya, a kashin "The Body" na Fabrairu, 2001. Buffy ta shigo gida ta tarar da mahaifiyarta kwance a kan kujera, ido buɗe. Jijiyar jini ce ta fashe mata a ƙwaƙwalwa bayan tiyatar da aka yi mata, babu dodon da za a bi a kashe, kuma ba a sa kiɗan da aka saba rakiyar wasan da shi ba ko kaɗan. Ma'aikatan asibiti suka zo suka tabbatar da rasuwar, suka ce kada a taɓa gawar, suka tafi. Da Giles ya iso ya ruga zai ɗago Joyce, sai Buffy ta daka masa tsawa cewa an hana a motsa gawar. Nan take ta toshe bakinta da hannu, don ta ji kalmar da ta kira uwarta da ita.